Hannun Sualihu da Harafin Tsawon Rai

Sualihu Sumani bai iya riƙe alƙalami ba. Ba ƙage nake masa ba, shi ma ya sani. Yakan dunƙule biro a tafin hannu kamar mahauci da wuƙarsa, kuma idan zai sa hannu a takarda sai ya fito da harshe, ya ɗauki minti guda cur kafin ya gama sunansa. Shekara talatin da bakwai ni nake cika masa takardun council, wato ƙaramar hukuma, da na asibiti da na fasfo. Amma a watan Mayu na 2019, da aka tashi zaɓen wanda zai rubuta babban harafin tsawon rai a ajinmu na rubutun Sinawa a Edmonton da ke arewacin London, shi aka zaɓa, ba ni ba. Na so wannan aiki fiye da duk abin da na so tun da na yi ritaya. Abin da na aikata daga baya shi ya zaunar da ni rubuta labarinsa.

A zangon Kumasi aka haife shi. Bai san ranar ba, fasfonsa dai ya ce ɗaya ga Janairu 1948, kamar na rabin tsaransa. Kakansa daga wajen Kano ya gangaro da fataucin goro, ya yi aure, bai koma ba. Sualihu ya yi karatun allo a zauren kawunsa har ya kai izu goma, ya yi aji uku na boko, sannan ya bi manyan motoci tsakanin Kumasi da Tamale. A hunturun 1981 ya sauka a London da riga 'yar shara da takalmin soso. Ya wanke kwanuka na shekara guda, daga nan ya samu aikin goge-goge a wani asibiti a Whitechapel, bai kuma sake wani aiki ba har ya ajiye shi a 2013.

A motar 149 na fara ganinsa, a 1982. Yana zaune a bayana yana faɗa da wata takarda cikin Hausa, yana ce mata, “Ke kuma mene kake so?” Na juya na karɓi takardar na cika masa kafin mu kai Seven Sisters. Tun daga ranar yake kirana Ticha, ko da yake ban taɓa koyarwa ba.

Ni sunana Dung, mutumin Filato ne, kuma a makarantar mishan na tashi. A can kowace safiya akwai rabin awa na gyaran hannu: tebur mai ramin kwalbar tawada, alƙalami mai kan ƙarfe, takardar tsotse tawada, da littafin kwafi mai layi huɗu. Har yau ina jin ƙanshin tawadar nan idan an yi ruwan farko. An koya mana cewa rubutu ba ya fita daga hannun mutum da rami ko giɓi. Idan layi ya yi fari-fari, ka koma ka cike shi. Shekara uku a jere ni na ci kyautar rubutu. A London ma hannuna ne ya ciyar da ni, a ofishin rajista na wani ƙaramin asibiti a Marylebone, kuma duk katin aure ko na suna na mutanenmu a arewacin birnin nan, ni nake rubuta sunayen.

Sau ɗaya na taɓa ganin Sualihu a bakin aikinsa, ranar da na kai matata Anatu ganin likita. Wani dogon baranda ne, ya fi taku tamanin. Yana tafiya da baya, mofa, wato sandar goge ƙasa, na kaiwa da komowa a gabansa daga bango zuwa bango, ƙugunsa ne ke juyawa, ba wuyan hannu ba. Bai ɗaga mofar daga ƙasa ba har ya kai ƙarshe. Na nuna masa wani ɗan wuri da na ga kamar bai jiƙe sosai ba. Ya ce, “Ticha, ba a komawa kan ɗanyen wuri. Ka koma, ka ɓata duka.” Na yi dariya, na manta da maganar.

A watan Satumba na 2016 council ta buɗe aji don tsofaffi a wani zaure kusa da Edmonton Green, kowace Alhamis da ƙarfe sha ɗaya na safe. Anatu ce ta yi mini booking, ta ce ta gaji da ganina ina gyara jerin kofuna a kicin. Da na ga an rubuta rubutun Sinawa da buroshi, sai na ji daɗi. Na ja Sualihu ya raka ni. In faɗi gaskiya, ina son a samu wani na gida da zai ga yadda zan yi fice.

Malamar ita ce Madam Leung, 'yar ƙaramar tsohuwa haifaffiyar Hong Kong. Ita da mijinta sun shekara talatin da biyar suna sayar da abinci a Fore Street, rubutun kuwa mahaifinta ne ya koya mata tun tana yarinya. Mu goma sha ɗaya ne a ajin: Turawa, wata Baturkiya, mutanen Jamaika biyu, da mu.

Bayan mun yi wata guda muna jan layi tsaye da kwance, sai ta zo da haruffa biyu. A wurinsu harafi ɗaya kalma ce sukutum. Na farko mai hawa-hawa ne kamar bene, layi goma sha huɗu, ta ce ma'anarsa tsawon rai. Mutanen Beijing suna karanta shi shou, su a Hong Kong suna cewa sau, Japanawa kuma da suka ari harafin suna ce masa kotobuki, suna buga shi a ambulan ɗin biki. Na biyu ƙarami ne, mutum tsaye a gefen dutse. Shi ake kira xian, Japanawa su ce sen, wato wanda ya hau duwatsu ya daina mutuwa.

Sualihu ya taɓa ni da gwiwar hannu.

“Ticha, mene ya ce? Mutum ba ya mutuwa?”

Mutanen zango ba sa wahalar da kansu da bambanta mace da namiji a magana, Madam a bakinsa kullum “ya ce” take.

Na ce, “Haka ta ce.”

“Gaya masa ni ba ni rubuta wannan. Ba mai dawwama sai Allah. Amma na farkon, wannan addu'a ne. Kamar ka ce wa babba ranka ya daɗe. Shi zan yi.”

Na fassara mata, ina jiran ta ɓata rai. Sai ta yi dariya ta ce mahaifinta ma cewa yake duk waɗanda suka sha maganin hana mutuwa sun riga maƙwabtansu tafiya. Ni na rubuta duka biyun, domin a coci mun saba da zancen rai madawwami, ko da yake namu ba a kan dutse ake samunsa ba. Sualihu kuwa daga ranar bai sake taɓa wani harafi ba. Shekara biyu da rabi yana rubuta kalma ɗaya.

Ina da ɗan littafin da nake rubuta duk abin da Madam ta faɗa, da kwanan wata. A shafin 13 ga Oktoba 2016 akwai wannan da hannuna: “Layi ɗaya, ja ɗaya. Ba a komawa. Idan buroshi ya bushe a tsakiyar tafiya har takarda ta leƙo, a bar shi. Ana son sa haka.” Na ja layi a ƙarƙashinsa da rula.

Aikina ya yi tsabta tun daga farko. Nakan zauna daram, in auna gidan harafi da fensir, in sa kowane layi inda littafi ya sa shi. Madam ta tsaya a kaina wata rana ta daɗe tana kallo, ta ce, “Mista Dung, ba kuskure ko ɗaya. Kamar sojoji a fareti. Sai dai ba wanda yake numfashi a cikinsu.” Na rubuta rabin farko na maganar a littafina.

Shi Sualihu watanninsa na farko abin tausayi ne. Tawada har a gemu. Ranar da abin ya juya ina wurin. Bayansa ne ya dame shi da zama, sai ya ture kujera ya miƙe tsaye, ya kama buroshin daga can sama kamar sandar mofa, ya ja. Hannunsa gaba ɗaya ya tafi daga kafaɗa, ƙugunsa ya bi. Madam tana wucewa da butar shayi, ta ajiye ta a kan takardar wani Bature ba ta sani ba. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya dube ni.

“Ticha, gaya masa ba kowa. Cleaner ne ni.”

Mako na gaba ta zo masa da buroshin mahaifinta, mai kauri kamar damtsen jariri. Ni ba ta taɓa ba ni ko in riƙe ba.

Daga nan Alhamis ta zame mini ranar ciwon kai. Idan ya miƙe zai rubuta, sai ajin ya yi tsit, mutane su bar teburinsu su kewaye shi. Baturkiyar nan har hotonsa take ɗauka. Ni ina gefe da takarduna masu lamba, na kai ɗari huɗu da goma sha biyu, kowace da kwanan wata a kusurwa, ba mai tambayata. Shi ko ɗaya bai ajiye ba. Matarsa Fulera ta gaya wa Anatu cewa kullum bayan sallar asuba, idan gari ya yi haske, yakan fita barandar flat ɗinsu a hawa na shida da bokitin ruwa da tsohon buroshin fenti, ya yi ta rubutu a kan siminti. Kafin ya gama na uku na farko ya bushe ya ɓace.

Na ce wa Anatu, “Wannan ai ba karatu ba ne. Mutum bai san sunan layi ko ɗaya ba.”

Ta ce, “Kai da ka san sunayensu, sun amsa maka?”

“Ban tambaye ki ba.”

“Baban Kaneng, shekara nawa mutumin nan yana zuwa ƙofarka da takarda a hannu yana durƙusawa? Allah ya ba shi abu ɗaya, ka hana kanka cin abinci.”

Na ce ba ta fahimci zancen ba, na tashi na shiga ɗaki.

A farkon 2019 Madam ta gaya mana mijinta zai cika shekara casa'in ranar Asabar, 25 ga Mayu. A al'adarsu, ta ce, akan yi wa dattijo kyautar harafin tsawon rai sau ɗari a kan jar takarda: casa'in da tara ƙanana, kowanne da irin fasalinsa, suna kewaye da babba guda a tsakiya. Ƙanwarta ta aiko mata da takardar daga Hong Kong, ja mai ɗigon ruwan zinariya, ta fi tsayina, kuma guda ɗaya ce tak. Kafaɗarta ba ta iya ɗaukar babban buroshi yanzu. Saboda haka ajin ne zai yi ƙananan, ɗayanmu kuma ya yi babban.

Mako shida na yi ina atisaye. Na sayi takardar bango na shimfiɗa a falo, na auna harafin da rula har na san faɗin kowane layi. Na ɗauka, ko me ake ciki, aikin girmamawa irin wannan na wanda ya san ƙa'ida ne. Ƙananan ma ni na tsara gidajensu, na rubuta sittin da ɗaya daga ciki, sauran ajin suka raba talatin da takwas.

Ranar 9 ga Mayu ta ce kowa mai so ya gwada a kan jarida. Mu uku muka gwada. Ba ta daɗe tana dubawa ba.

Ta ce, “Mista Sumani.”

Aka yi tafi. Ni ma na tafa. Sualihu ya dafe kai.

“Ticha, wallahi ni tsoro nake ji. Paper ɗaya ne fa. Kai ka yi mana.”

Na ce, “Kai aka zaɓa.” Muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwa a coci.

Alhamis ta gaba aka shimfiɗa jar takardar a ƙasa, aka danne kusurwoyinta da duwatsu. Madam da kanta ta niƙa tawada. Sualihu ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a kan wani zane da aka rufe ƙananan haruffan da shi. Leɓensa ya motsa, na san bisimilla ya yi. Sannan ya sunkuya.

Na duba agogo, daƙiƙa arba'in ne. Ya faro daga sama da nauyi, baƙi ƙirin, ya gangaro hawa-hawa ba tsayawa. A ƙarshe akwai layin da ke saukowa, wanda ake jansa da tsawo don a nuna tsawon kwana. Nan ya ja da baya kamar a barandar asibiti, taku ɗaya, biyu, buroshin na biye da shi. Tawadar ta fara ƙarewa a rabin hanya, gashin buroshin ya rarrabu, jan takarda da ɗigon zinariya suka riƙa leƙowa ta cikin baƙin kamar zare-zare, amma layin bai yanke ba, ya tafi har ƙasa ya lanƙwasa ya tsaya.

Ba wanda ya tafa. Madam ta rufe baki da hannu. Da ta buɗe, cewa ta yi, “Haka mijina yake. Ya bushe, amma yana tafiya.”

Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ya fito daga hannun mutumin da na sani ba. Na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Zauren na masu rawa ne da yamma, ba a barin kaya. Madam ta tambaya wa ke da babban tebur da gida marar jikoki, inda takardar za ta kwanta ta bushe har mako mai zuwa. Sualihu ne ya amsa.

“Ticha. Gidansa ko ƙuda sai ya yi booking kafin ya shiga.”

Kwana biyar tana kan teburin cin abincinmu, muna ci a kan cinya. Kullum sai na tsaya a kanta. Haruffana sittin da ɗaya suna kewaye da nasa kamar 'yan rakiya. Ranar Talata da safe, 21 ga wata, Anatu ta tafi kasuwa. Na ɗauko ƙaramin buroshina, na niƙa tawada, na sa tabarau. Na ce wa kaina gyara zan yi, layi ne ya yi giɓi, ba a kai wa dattijo aiki mai rami, haka aka koya mana. Littafina yana aljihuna a lokacin, da shafin 13 ga Oktoba a ciki. Ban buɗe shi ba, don na san abin da ke ciki.

Awa ɗaya da kwata na yi. Na cike kowane zare, ɗaya bayan ɗaya, ban fita gefe ko da faɗin gashi ba. Da na gama, layin ya zama baƙi sumul daga sama har ƙasa, kamar sandar ƙarfe. Na ja baya na duba. Nan take na gane abin da na yi. Anatu ta dawo ta ajiye jaka, ta kalli takardar, ta kalle ni, ta shige kicin.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, muka warware takardar a gaban aji. Madam ta sa aka ɗaga ta wajen taga. A cikin haske sabuwar tawadar ta fito dabam, dishi-dishi a kan tsohuwar, kowane wurin da na taɓa ya nuna kansa.

Ta ce, “Wa ya koma kan layin nan?”

Ta juya ga Sualihu, idonta ya cika da ƙwalla, ta tambaye shi ko ya je gidana ne ya ji tsoro ya gyara. Sualihu ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Na ga alama zai ɗauki laifin. Wannan ne ban iya jurewa ba, wato ya ƙara da wannan ma a kaina.

Na ce, “Ni ne.”

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba za ta kai wa mijinta tsawon rai mai faci ba, ta naɗe takardar da casa'in da taran duka, ta jingine ta bayan kabad. Aka tashi ajin da wuri.

Mota ɗaya muka shiga da Sualihu, kamar kullum, muka zauna kujera ɗaya. Sai da muka wuce tasha biyu ya yi magana, bai dube ni ba.

“Ticha, tambaya ɗaya. Ka san Madam yana son wurin nan haka, ko ba ka sani ba?”

Da na ce ban sani ba, da ya yarda. Shekara talatin da bakwai yana yarda da duk abin da na gaya masa takarda ta ce.

Na ce, “Na sani.”

“Har ka rubuta a book ɗinka.”

“Na rubuta.”

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon shagunan Turkawa ta taga.

“Kai tun kana yaro kake da hannu. Ni sai da na tsufa na samu abu ɗaya.”

Ya danna ƙararrawa ya sauka, saura tasha biyu a kai gidansa. Ina hango shi yana tafiya a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.

Washegari Juma'a da ƙarfe tara Madam ta yi mini waya. Ta ce ta sayo jan yadi mai sheƙi a kasuwar Edmonton Green, Sualihu ya yarda zai sake bayan ya sauko daga masallaci, amma yadi yana zamewa, sai an samu masu ja. Ba tambayata ta yi ba, lokaci ta gaya mini.

A falonta aka yi. Tawada tana malala a kan yadi, don haka fentin ruwan zinariya aka dama, mai kauri, mai jan buroshi baya. Ba lokacin ƙananan haruffa, babban kaɗai za a yi. Ni da Fulera muka durƙusa a ƙasa muna jan gefe biyu, Madam da 'yarta suna jan sauran. Ina da shekara saba'in da bakwai a lokacin, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Fulera ta gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Sualihu bai ce mini komai ba. Ƙafarsa tana dab da yatsuna lokacin da ya ja layin ƙarshe.

Ya yi kyau. Duk wanda bai ga na farkon ba zai ce ba a taɓa yin irinsa ba. Amma a tsakiyar dogon layin hannunsa ya ɗan yi jinkiri, ɗan kaɗan, kamar mai tuna wani abu. Madam ta gani, shi ma ya sani. Ta ce, “Ya isa.” Ta ɗauko hatiminta ta buga ja a kusurwa, ta rubuta sunansa da haruffansu a gefe.

Ranar Asabar da rana aka yi walimar a wani gidan abinci na Sinawa, tebur goma sha biyu masu kewaye. An rataye yadin a bango bayan Mista Leung, wanda aka turo a keken guragu da jar riga. Ya sa aka matsar da shi kusa, ya ɗaga hannu yana bin harafin a iska daga sama har ƙasa, sannan ya ce a kawo masa wanda ya rubuta. Aka zaunar da Sualihu a damansa, da babbar rigarsa ta Juma'a da hula, aka dafa masa kifi dabam saboda addininsa. 'Ya'ya da jikoki suka yi ta zuwa suna ɗan sunkuya masa. Wani dattijo da ya zo daga Manchester ya riƙe hannunsa yana jujjuyawa yana dubawa kamar likita.

Ni da Anatu muna tebur na tara, kusa da ƙofar kicin. Daga nan ana ganin komai sarai. Na ƙirga mutum goma sha huɗu da suka ɗauki hoto da shi. Anatu ta ce in daina ƙirge in ci abinci.

Can aka kawo taliya, kowa da ɗan kwanonsa, dogaye ƙwarai, wai ita ce ta ranar haihuwa. Madam ta taɓa gaya mana a aji cewa ba a yanka ta, a zuƙe ta yadda take, don tsawonta na mai bikin ne. Amma hankalina yana babban tebur, kuma ni tun ina ɗan shekara tara aka koya mini ba a zuƙar abinci a gaban mutane. Na ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, na daidaita su a kan kwanon.

Sai na ji murya ta ratso ɗakin gaba ɗaya, cikin Hausa.

“Ticha! Ajiye wuƙan nan! Wannan ma kashe shi za ka yi?”

Sinawa suka waiwayo, ba su san me aka ce ba. Fulera ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Anatu kuwa dariya ta yi har da dafa tebur. Wannan ce maganar farko da ya yi mini tun cikin mota.

Na ajiye wuƙar. Na sunkuya na kama bakin taliyar na zuƙa, miya na fallatsa mini a riga, ita kuma ta ƙi ƙarewa. Ta saman kwanon ina hango Sualihu, Mista Leung ya kama hannunsa ya ɗaga sama ana ɗaukar hoto na goma sha biyar. Abin da ke ƙirjina yana nan, bai ragu ba. Na ci gaba da zuƙa har ƙarshenta ya shigo bakina.